Yadda Ake Gwada Mai Cewa Yana Ganin Abin da Ke Ɓoye

Idan rani ya tsananta a ƙauyukan Birnin Kudu ko Gwaram ko Sumaila, har ta kai ana kwana a bakin rijiya ana jiran ruwa ya taru, mutanen gari kan yi karo-karo don haƙa sabuwa ko yin rijiyar burtsatse. A irin wannan zama ne wani zai kawo labarin wani dattijo da ke gano jijiyar ruwa da reshe mai baki biyu, ko da wayoyin ƙarfe biyu da aka lanƙwasa. Wata rana kuma akuya ce ta ɓata, ko kuɗin adashi, sai a ce a je wurin mai duba ko mai bugun ƙasa. Kafin a ɗora kuɗin jama'a ko mutuncin ɗan wani a kan maganar waɗannan mutane, akwai hanyar gwada su wadda ba ta cin kuɗi da yawa, ana gama ta daga hantsi zuwa azahar, kuma ba a cin zarafin kowa a cikinta.

Hanyar ta fito daga hannun masu binciken fannin da ake kira farasaikoloji, wato nazarin iƙirarin sanin abu ba ta ido ko kunne ko taɓawa ba. A 1882 aka kafa ƙungiyarsu ta farko a Landan, Henry Sidgwick, malamin falsafa a Jami'ar Kambirij, ya shugabance ta. Daga shekarun 1930 kuma J. B. Rhine ya mayar da abin aikin ɗakin gwaji a Jami'ar Duke ta Amurka. Da yawansu sun shiga aikin ne da fatan abin ya tabbata, kuma an sha yaudararsu, su ma sun sha yaudarar kansu. Duk ƙofar da aka taɓa shigo musu ta ita sun rubuta ta. Waɗannan ƙofofin ne za mu toshe ɗaya bayan ɗaya.

Ta fuskar addini maganar a fili take. Suratun Naml, aya ta 65, ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, kuma a Sahihu Muslim an rawaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Amma a Bukhari da Muslim akwai labarin Ibn Sayyad, wanda Annabi (SAW) ya ce masa, "Na ɓoye maka wani abu, faɗi ko mene ne," shi kuma bai iya kawo komai ba sai guntun kalma. Malamai irin su Ibn Taimiyya sun kafa hujja da wannan cewa tambaya don gwaji da bayyana gaskiya daban take da tambaya don gaskatawa. Saboda haka a fara da liman, a gaya masa manufar, in ya yiwu ya zama cikin shaidu.

Magana kafin aiki

Gwaji da yawa a nan yake lalacewa, tun ba a taɓa ko jarka ɗaya ba. A zauna da mutumin a zauren mai gari, cikin girmamawa, a tambaye shi dalla-dalla: "Baba, me sandar nan take ganewa, ruwa mai gudu kaɗai ko har wanda ke cikin jarka? Zuwa gaba nawa take ji? Roba tana tare ta? Akwai ranar da ba ta aiki, ko mutumin da in yana wurin take ƙi? In an ɓoye maka ruwa sau 12, sau nawa kake ganin za ka same shi?" Duk amsar da ya bayar a rubuta, a karanta masa, ya amince. Sharaɗin da ya kawo, in dai ba zai buɗe masa hanyar leƙe ba, a yi masa. Ya ce sai da safe, a yi da safe. Ya ce kada mace ta kusanci wurin, ko sai ya yi alwala, duk a yarda. Amfanin haka shi ne uzurin da ba a kawo da farko ba, ba za a karɓe shi bayan an ƙirga ba.

A takardar nan za a rubuta yawan zagayen da za a yi da makin da za a kira nasara. A yi kwafi biyu, shi da shugaban ƙungiyar masu karo-karon su sa hannu ko dangwale, a ba mai gari ɗaya ya ajiye. Masu bincike ma haka suke yi yanzu: sashen farasaikoloji na Jami'ar Edinbura, wanda ya fara aiki a 1985, ya buɗe rajista a 2012 inda mai bincike ke ajiye tsarin gwajinsa kafin ya fara, don kada ya canza ma'auni bayan ya ga sakamako.

Gwajin jarka shida

Ana buƙatar jarka 6 masu cin lita 10, launi ɗaya, da baho 6 na baƙar roba waɗanda za su rufe jarka in an kwantar da ita, da bulo 6 na dannewa, da tsintsiya, da hula, da ƙananan takardu 6 masu lamba 1 zuwa 6, da littafin rubutu biyu. A ɗaga kowane baho a kalli rana ta cikinsa, wanda haske ke ratsawa a canza shi.

Jarka ɗaya a cika ta da ruwa tun daren jiya, a sa leda a bakinta kafin a murɗa murfi, a goge jikinta ƙarƙaf. Sauran 5 a zuba musu busasshen yashi, amma kada a cika, domin yashi ya fi ruwa nauyi da kusan rabi. Kashi biyu cikin uku ya isa nauyinsu ya zo ɗaya, shatin da za su bari a ƙasa ma ya zo ɗaya. Duka shidan su kwana a ɗaki guda. In aka ɗebo ruwan randa mai sanyi da safe, jarkar za ta yi gumi, danshi ya zagaye gindin bahon, kuma da rani ƙudan zuma da tururuwa ba sa ɓata lokaci wajen gano danshi. Mai ido zai ga ƙudan zuma biyu na shawagi a kan baho na huɗu, ya san inda zai nufa.

Wurin da ya fi dacewa shi ne filin makarantar firamare mai katanga, ranar da babu karatu. A shata gurbi 6 a jere, taku 4 tsakanin kowane biyu, a rubuta lambarsu a jikin bulo. Kafin a kawo komai, mutumin ya zagaya filin da sandarsa ya tabbatar babu ruwan ƙasa a ƙarƙashin kowane gurbi da zai rikita shi. In ya ce akwai, a matsa. Daga nan a yi gwajin fili sau 2 ko 3: a sa jarkar ruwa yana kallo, a kife baho, ya bi da sandarsa. Kusan kullum sandar za ta sunkuya daidai wurin. A tambaye shi, "Baba, ka gamsu tana aiki yau, a wannan fili, ta cikin wannan roba?" In ya ce e, a rubuta. Wannan mataki kada a tsallake shi ko ana sauri, domin shi ne ke rufe bakin cewa roba ce ta hana ko filin ne ba shi da kyau.

Mutanen aiki kashi biyu ne, kuma ba sa haɗuwa har a gama. Masu ɓoyewa mutum biyu, ɗaya daga ɓangaren ƙungiya, ɗaya wanda mai sandar ya zaɓa da kansa. Masu rakiya su ma biyu, su ne ke zaune da shi a aji mai rufaffiyar taga, su fito da shi, su rubuta lambar da ya nuna. Wayoyin kowa a tara su wurin liman.

Kowane zagaye haka yake tafiya. Masu ɓoyewa su girgiza hula, su zaro takarda ɗaya, su rubuta lambar a littafinsu, su mayar da takardar cikin hula. Su kwashe duka jarkokin shida, su sake jera su, ta ruwan a gurbin da ƙuri'a ta nuna. Su kife baho, su danne da bulo, su share ƙasa tun daga gurbi na 1 har na 6, su shige wani ajin su rufe ƙofa, sannan su buga ƙarfen makaranta sau ɗaya. Sai masu rakiya su fito da shi. Ya ɗauki lokacin da yake so, ya zagaya, amma ba ya taɓa baho da hannu ko ƙafa ko sanda. Ya faɗi lamba ɗaya, a rubuta, ya koma, a buga ƙarfe sau biyu. Ba a ɗaga baho, ba a gaya masa ya samu ko bai samu ba, sai an cika zagaye 12. Kowane zagaye kan ci minti 8 zuwa 10, duka aikin kamar awa biyu.

Abu biyu a nan mutane kan ga kamar tsanani ne. Na farko ƙuri'a. Dalilinta shi ne in aka bar mutum ya zaɓi gurbi da ka, ba ya son maimaita inda ya sa ɗazu, kuma ya fi karkata tsakiya, mai kintace shi ma haka tunaninsa ke tafiya, sai su riƙa haɗuwa ba tare da wani sirri ba. In hula ta ba da lamba 3 sau uku a jere, a bi ta a haka. Na biyu korar duk wanda ya san wurin, har yaran da ke leƙe ta kan katanga. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Balin ta Jamus mai suna Hans, wanda ake ba lissafi ya amsa da bugun kofato. Oskar Pfungst ya bincike shi, ya wallafa sakamakon a 1907: dokin yana kallon mai tambaya ne, idan bugun ya kai adadin da ake nema sai mutumin ya ɗan ɗaga kai ba da saninsa ba, doki ya tsaya. Da aka sa wanda bai san amsar ba ya yi tambayar, sai dokin ya rikice. Abin da doki ya iya karantawa a jikin mutum, dattijon da ya shekara 40 yana hulɗa da jama'a ya fi shi iyawa, ko da bai yi niyya ba. Shiru na ɗan lokaci da 'yan kallo ke yi idan ya matso gurbin gaskiya ya ishe shi.

Bayan zagaye na 12 a haɗa littattafan biyu a gaban mai gari, a karanta layi-layi. Wanda ba shi da komai sai canki-canka, matsakaicin abin da zai samu 2 ne. Samun 4 ko fiye yana faruwa da dace kawai kamar sau 1 cikin 8, don haka 4 ba abin mamaki ba ne, ko da wurin ya ɗauki kabbara. Samun 5 ko fiye sau 1 ne cikin 27. Samun 7 ko fiye kuwa kusan sau 1 ne cikin 770, shi ya sa 7 ne makin da ya kamata a rubuta a takardar yarjejeniya. Ga wanda ya ce sandarsa ba ta kuskure, 7 cikin 12 sassauci ne babba.

Idan ya ce shi ruwa mai gudu kaɗai yake ji, a binne tiyo mai tsawon mita 10 a zurfin rabin mita, a haɗa shi da tanki a bayan katanga, bakinsa na fita ma ya ɓace daga ido da kunne. Kada a yi amfani da injin ban-ruwa, ƙararsa da girgizarsa za su tona komai, gangara ta isa. Ƙuri'a ta takarda biyu ce za ta nuna a buɗe famfo ko a rufe, shi kuma ya faɗi ko ruwa na gudu. A yi sau 20. Dace yana ba da 10, samun 15 ko fiye sau 1 ne cikin 48, makin nasara 17.

An yi irin wannan a Jamus a 1987 da 1988, a wani rumbun gona mai bene kusa da Munik. Daga masu sanda kusan 500 aka tace 43 da suka fi alamar iyawa, aka yi musu gwaji 843: bututun ruwa a ƙasa ana matsar da shi, su kuma a sama suna nuna inda yake. Masu shirya gwajin sun ce 'yan kaɗan sun nuna wata baiwa. Jim Enright, masanin kimiyya daga Amurka, ya sake bin alƙaluman ya nuna cewa waɗanda suka yi fice a wani zagaye sun kasa maimaitawa a na gaba, kuma sakamakon bai wuce abin da dace ke bayarwa ba.

Wannan ba ya nufin mai sandar maƙaryaci ne. Ka lura da hannunsa da kyau: ya riƙe reshen a tanƙware, tafukansa na kallon sama, itacen a ɗame kamar baka, ko kuma wayoyin biyu suna lilo a cikin sakakken dunƙulen hannu. A wannan yanayi karkacewar wuyan hannu da ba ta kai kaurin ƙwayar gero ba ta isa ta sa reshe ya fizge ƙasa da ƙarfi, har ya goge masa fata. Shi kansa ji yake an ja shi. William Carpenter, masanin aikin jikin ɗan adam a Ingila, ya bayyana wannan motsin tsoka da ke bin tunani ba da sanin mai shi ba a 1852. A 1853 masanin kimiyya Michael Faraday ya gwada masu cewa tebur na juyawa da kansa in sun ɗora hannu: ya sa kwalaye a jere tsakanin hannuwansu da teburin, sai ya ga na sama ne ke fara gocewa, alamar hannu ne ke turawa. Da ya sa musu ɗan tsinken da ke nuna turin suna kallo, teburin ya daina motsi.

To me ya sa rijiyoyin da ya nuna suke ba da ruwa? A gabas da arewacin Jigawa, wajen Haɗejia da Malam Madori da Birniwa, ƙasar yashi da laka ce ta kwarin Tafkin Cadi, ruwa a shimfiɗe yake a ƙarƙashi, kusan duk inda aka haƙa aka yi zurfin da ya kamata za a same shi. A kudancin Kano da wajen Birnin Kudu da Gwaram kuwa dutse ne a ƙasa, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, shi ya sa rijiya biyu masu kusa ɗaya ke ba da ruwa ɗaya ta ƙafe. Tsohon mahaƙi ya san gangaren ƙasa, ya san bishiyar da ke zama kore har ƙarshen rani, ya san tarihin rijiyoyin yankin. Wannan ilimi ne na gaske, ya cancanci a saurare shi a biya shi, kuma gwajin jarka bai taɓa shi ba. Sandar kawai aka gwada.

Mai cewa ya san abin da ke ranka

Katunan da Rhine ya yi aiki da su abokin aikinsa Karl Zener ne ya tsara su: alama 5, wato da'ira, gicciye, layuka masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa, murabba'i da tauraro, kowace sau 5, jimla 25. Ana iya yanka su daga kwalin sukari. Kurakuran da aka kama a gwaje-gwajen farko su ne darasin. Wasu katunan ana hango shatin alamar ta bayansu, kuma alama kan fito a gilashin tabarau na mai riƙe da kati. In kuma ana faɗa wa mai kintace amsa bayan kowane kati, zai ƙirga abin da ya fita, na ƙarshe-ƙarshe ya san su tabbas.

Saboda haka kati 5 kawai za a yi, kowane a cikin ambulan mai kauri. Mai kallon kati ya zauna a aji ɗaya da shaidarsa, mai iƙirari a wani ajin da nasa, a bar aji ɗaya fanko a tsakani. A daidaita agogo biyu. Duk minti ɗaya a zaro ambulan, a kalli katin, a rubuta, a mayar a gauraya, shi kuma can ya faɗi abin da ya zo masa a rubuta. Ba kira, ba tafi, ba ɗan aike, domin murya kanta tana ɗaukar labari. A yi 100, kashi huɗu, da hutu a tsakani. Dace yana ba da 20. Samun 30 ko fiye kamar sau 1 ne cikin 90, 33 ko fiye kamar sau 1 cikin 600.

Kuskuren da malaman makaranta suka fi yi shi ne su gwada aji guda mai ɗalibai 60, kowa kati 25, sai yaro ɗaya ya samu 10, a ce yana da baiwa. Samun 10 ko fiye cikin 25 yana faruwa sau 1 cikin 58, ke nan a ajin 60 ana sa ran a samu irinsa ko babu komai. In ana son sani, a sake gwada yaron shi kaɗai da sabbin 100, kuma kada a haɗa da makinsa na farko. Haka nan ba a tsayawa don an ga yana kan gaba, ba a ƙara zagaye don an ga ya kusa.

Mai duba da ke faɗa wa mutum halinsa da damuwarsa, gwajinsa daban ne. A 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 takarda, kowa na zaton bayanin halinsa ne shi kaɗai, alhali rubutu ɗaya ne. Da aka ce su auna dacewarsa, matsakaicin makin ya haura 4 cikin 5. "Akwai mai yi maka hassada a cikin dangi" ko "kuɗi na shigo maka amma ba sa zama" magana ce da za ta hau kan kusan kowa. Hadisin Bukhari ya riga ya faɗi yadda abin ke tafiya: boka na haɗa kalma ɗaya ta gaskiya da ƙarya ɗari, mutane su riƙe ɗayar suna cewa ai ranar kaza ya faɗa mana kaza. Maganin wannan shi ne a kawo mutum 5 daga wani gari da bai sani ba, jinsi ɗaya, shekaru kusa da juna. Ya yi wa kowa duba ba tare da ya gan shi ko ya ji muryarsa ba, marubuci ya rubuta ba suna. A ba kowannensu duka takardun biyar ya zaɓi tasa. Dace yana sa mutum ɗaya cikin biyar ya faɗa kan tasa. A yi da rukuni 4, mutum 20, a ga ko an yi nisa da 4. A kula da ɗan acaɓar da ya kawo baƙin da yaran da ke zaune a zaure, domin hirar hanya da ta jiran layi ita ce babbar hanyar da labari ke riga mutum shiga ɗaki.

Maganar sata kuwa, kada a taɓa yin gwaji da sunan mutanen gaske. Wanda aka nuna da sanda ko taɓarya a gaban jama'a, ko an wanke shi daga baya tabon ba ya fita, ya shafi aurensa da na 'ya'yansa, wani lokaci ma a kai ga duka ko rasa rai. Taɓaryar da ƙarti biyu ke riƙe da ita suna cewa tana jan su, motsin nan ne na hannu, kuma inda zargin gari ya riga ya karkata can take nufa. In mai wannan aiki ya yarda a gwada shi, a sa zobe a ɗaya daga gwangwani 6 iri ɗaya, a cusa auduga a duka don kada ya yi ƙara, a liƙe da salatif, a bi tsarin jarka sak.

Masu gwajin ma a sa musu ido

A 1974 abokan aikin Walter Levy, wanda ke shugabantar cibiyar Rhine, suka kama shi yana taɓa na'urar gwaji don sakamako ya yi kyau, Rhine da kansa ya sanar da duniya. A 1978 Betty Markwick ta nuna cewa Samuel Soal na Ingila, wanda aka daɗe ana kafa hujja da gwajin katinsa, ya yi wa alƙalumansa aringizo. Dalilin littafi biyu da shaidu daga ɓangare biyu ke nan, kuma da biro ake rubutu, ba a gogewa. Daga 1979 kuma wasu samari biyu masu rufa-ido, waɗanda James Randi, shi ma mai rufa-ido, ya tura, sun daɗe suna ruɗar masu bincike a wani ɗakin gwaji a Amurka da dabarun hannu kawai. In akwai wanda ya taɓa yin wasan rufa-ido a kasuwa ya bari, a gayyato shi ya duba tsarin, zai ga ramin da malamin lissafi ba zai gani ba.

Su kansu masu binciken har yau ba su daidaita ba. A gwajin da ake kira ganzfel, inda ake rufe wa mutum ido da kunne ya zaɓi hoto ɗaya cikin 4, dace yana ba da kashi 25 cikin 100. Daryl Bem da Charles Honorton sun ba da rahoton kashi 32 a 1994, sai Julie Milton da Richard Wiseman suka haɗa gwaje-gwaje 30 a 1999 ba su ga bambancin da ya wuce dace ba. Gwamnatin Amurka ta shafe fiye da shekara 20 tana kashe kuɗi a kan masu cewa suna hango wuri daga nesa, ta rufe shirin a 1995 bayan bita ta nuna bai taɓa ba da bayanin da aka yi aiki da shi ba. Abin lura ga mai shirin fitar da kuɗi shi ne, ko waɗanda suka fi yarda da abin, ɗan bambanci suke magana a kai wanda sai an tara gwaji ɗaruruwa ake ganinsa, ba mutumin da zai nuna gidan ɓarawo ko inda za a kafa injin haƙa ba.

Idan an gama ƙirga, a karanta sakamakon kamar yadda yake, a gode wa mutumin, a ba shi kuɗin motarsa da abin da aka yi alkawari ko ya ci ko bai ci ba. Kada a bar yara su yi masa ihu, kada a ɗauki hotonsa a watsa a WhatsApp. In ya kai makin, a sake gwajin bayan mako guda a wani fili, da sabbin jarkoki da sabbin masu ɓoyewa, kafin a yanke komai.

Rijiyar kuma tana nan tana jira. A yankin dutse, kafin a kira injin haƙa, a nemi masu awon ƙasa da na'urar lantarki, waɗanda ke kafa ƙarafa a jere suna auna yadda ƙasa ke tare wuta don gano kaurin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa. Hukumar samar da ruwan sha a karkara ta jiha za ta iya nuna inda ake samunsu. Su ma awonsu ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, don haka a sa su auna wuri 3 aƙalla, su ba da rahoto a rubuce mai nuna zurfin da suke sa rai, a tambayi zurfin rijiyoyin maƙwabta da yadda suke yi a watan Afrilu, sannan a rubuta a takardar kwangila wanda zai ɗauki asara, da kashi nawa, idan aka kai zurfin aka tarar babu ruwa.